Mama Febi da Rundunarta ta Bakin Titi

Duk mai fitowa da sassafe daga unguwar Tudun Ƙofa a nan Keffi ya nufi titin Abuja ya san matar nan, ko da bai san sunanta ba. Gajeriya ce mai ɗan kauri, furfura na leƙowa ta ƙasan ɗankwalinta, ga takalmin roba irin na ma'aikatan asibiti, ga koriyar jaka a kafaɗa, ga usur rataye a wuya. Tafiyarta ba irin ta mai sauri zuwa wani wuri ba ce. Za ta tsaya wurin mai shayi ta shafa ruwan sabulu a tiyon tukunyar gas ɗinsa, ta zuba ido ta ga ko zai yi kumfa. Za ta tsallaka wurin masu tuya ta leƙa bokitin yashin da ta sa kowaccensu ta ajiye kusa da murhu. In ta tarar an kife shi an mayar da shi kujera, to ranar har masu jiran mota a ɗaya hannun sai sun ji muryarta. Daga nan sai inuwar 'yan acaɓa, inda za ta kama ɗaya daga cikinsu ba shiri ta ce, "Ga fasinjanka ya faɗi, jini na zuba a cinya. Me za ka fara yi?" In ya amsa daidai, ta dafa kafaɗarsa ta wuce. In ya yi inda-inda, ta sauke jaka a sake darasi nan take, ko da fasinja na tsaye yana jira.

Haka ta yi shekara da shekaru, har zuwa watan jiya. Sunanta Febi Yosiya, amma a unguwarmu daga yaro har tsoho Mama Febi ake ce mata. Yanzu ta miƙa ragamar ƙungiyar 'yan sa-kai da ta kafa, ta koma Gitata wurin 'yarta saboda gwiwoyi sun fara ƙi. Dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami ke nan. Sunana Ahmad, malamin firamare ne ni, kuma ina cikin waɗanda ta horar. Abin da zan faɗa, yawancinsa da idona na gani, sauran kuma waɗanda aka yi a gabansu ne suka ba ni labari.

Nas ce ta yi ritaya. Kusan duk aikinta ta yi shi ne a sashen da ake fara kai waɗanda suka yi haɗari. Na taɓa tambayar ta abin da ya hana ta zama a gida ta huta kamar sauran takwarorinta. Ta ce da ni, da Hausarta mai ɗan karkatar harshe irin ta mutanen ƙauyukanmu, "Malam, mutanenmu ba su da mugunta. Kafin mota ta gama juyawa sun iso a guje. Amma sai a kamo mai karayar wuya a naɗe shi kamar tabarma a cusa a keke. Sai a kawo mini yaro da ƙuna an shafe shi da baƙin mai da ɗanyen ƙwai. Wanda ya suma a ɗura masa ruwa har ya shaƙe. Ni kuma ina tsaye a ƙofa da farar riga, ina karɓar abin da aka riga aka ɓata tun a bakin titi. Sai na ce ranar da na ajiye rigar nan, can zan koma, inda abin yake farawa."

Ta kuwa koma. Ta je wurin mai unguwa ta nemi izini, ta sa aka yi sanarwa a cocinsu, aka yi a masallacin Juma'a, cewa ranar Asabar da safe za a koyar da taimakon gaggawa a filin makarantarmu. Jama'a suka cika filin, don da yawa sun zaci rabon kaya za a yi. Da suka ga ba komai sai tsohuwa da jaka da tsofaffin zannuwa da ta yayyaga a matsayin bandeji, suka zare jiki ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka rage ba su cika benci ba. A cikinsu akwai Ɗanbala mai faci, da Malachi ɗan acaɓa, da Lailatu mai ƙosai. Wani zai karaya. Ita dubansu ta yi ta tafa hannu, ta ce, "Kun ishe ni. Ku ne dai nake nema. Ku ne kuke bakin titi daga safe har yamma, ku za ku riga kowa isa."

Ni ta taga na fara kallonsu ina gyara jarrabawar yara, ina dariya a raina. Asabar ta uku ko ta huɗu sai ga ta a bakin tagar. Ta ce, "Malam, yara nawa ne a ajinka?" Na ce sun fi ƙarfin benci. Ta ce, "In ɗaya ya haɗiyi murfin biro ya maƙale masa a wuya, kafin a kira uwarsa me za ka yi?" Na rufe takardun na fito.

Wanda bai halarci darasin Mama Febi ba, bai san yadda ake koyarwa da dukkan jiki ba. Ba ta da allo. Faɗuwa take yi da kanta ta nuna yadda mai farfaɗiya ke yi, ta miƙe ta karkaɗe zane. Za ta sa ƙato kamar Ɗanbala ya danna ƙirjin buhun dusa har gumi ya jiƙa masa riga, tana tafi tana ba shi kiɗa don kada hannunsa ya yi sanyi. Ta koya mana yadda ake tsayar da jini da tsumma mai tsabta da ƙarfin hannu, yadda ake juya wanda ya suma a kan gefensa, yadda ake rufe kaskon man da ya kama wuta maimakon a watsa masa ruwa. Kowa ta ba shi usur, ta ce duk wanda ya ji busa mai tsawo ya bar abin da yake yi. In ka yi kuskure za ta yi maka faɗa kamar ɗan cikinta. In ka yi daidai kuwa har rawa take takawa, gwiwar na ƙara tana dariya.

Amma akwai inda ba ta kai ba, kuma abin yana damun ta. Yawancin ƙuna da shaƙewa a cikin gida suke faruwa, a madafi, a tsakar gida, inda ɗan acaɓa ko mai faci ba shi da ikon shiga. Sai ta je ta sami Malama Fatimatuzzahra, wadda ke koyar da matan aure a Islamiyyar unguwa. Malamar da kanta ta ba ni labarin haɗuwarsu. Ta ce Mama ta yi sallama, ta cire takalmi, ta zauna a tabarma, ta ce, "Malama, ni ba wa'azi na zo yi ba, ke kin fi ni sanin wannan. Ki ba ni aron ɗalibanki in sun tashi karatu, in nuna musu abin da za su yi in yaro ya faɗa ruwan zafi." Malama ta ce za ta yi shawara da maigidanta da mai unguwa. Aka amince, amma ba duka magidanta ne hankalinsu ya kwanta ba. Wasu suka hana matansu tsayawa bayan karatu, wai me matar coci za ta koya musu.

Abin da ya sauya ra'ayinsu ƙwallon dabino ne. Wata ɗalibar Islamiyyar, Madina, tana wanki da rana sai ta ga ɗanta mai rarrafe ya yi shiru, idanu sun fito, leɓe ya fara canja launi. Ba namiji ko ɗaya a gidan. Ta ce hannunta ne ya tuna da darasin. Ta kifa shi a kan damtsenta, kansa ƙasa, ta buga tsakanin kafaɗunsa kamar yadda aka nuna musu, ta sake bugawa, sai ƙwallon ya yi tsalle ya faɗa cikin bahon wanki, yaro ya tsala kuka. Kafin la'asar labari ya zagaye Tudun Ƙofa. Mijin Madina, wanda yake cikin masu gunaguni, shi ya je har gidan Mama da kwandon lemo, ya durƙusa ya yi godiya. Mako na gaba ajin ya cika har waje.

Ke ce, Mama, kika shiga zauruka da soraye da ba ki taɓa zaton za a buɗe miki ba, ba da takardar wata hukuma ba, sai da sallama da haƙuri. Ke ce kika zaunar da matar liman da matar fasto a tabarma ɗaya suna ɗaure wa juna hannu da tsumma suna dariya.

Akwai atisaye ɗaya da ta fi matsa mana a kai, mu kuma muka fi raina shi: faɗuwar tankar mai. Ta raba mu ƙungiya-ƙungiya. Masu igiya su zagaye wurin su hana kowa matsowa. 'Yan acaɓa su tare titi ta hannu biyu, su sa a kashe injina. Masu tuya da masu shayi su kashe duk wata wuta da ke bakin hanya. Mata kuma su bi kwata duk inda ta gangara, gida-gida, su sa a kashe murhu. Mukan yi wannan da tsohuwar amalanke a matsayin tanka, masu wucewa na yi mana dariya, wasu na cewa tsohuwa ta sami 'yan wasan kwaikwayo.

Sai ga ranar ta zo. Wata Talata ce da hantsi, cikin tsananin zafi. Ina rubutu a allo na ji wani irin ƙara kamar an kifar da gini, tagogin aji suka girgiza. Kafin in ajiye alli sai na ji usur, dogo, sannan wani ya amsa daga wajen masu faci, wani daga tashar 'yan acaɓa, har busa ta karaɗe unguwar. Na damƙa ajina ga malamar da ke kusa, na ce kada yaro ko ɗaya ya fita, na ruga.

Tanka ce cike da fetur ta kauce wa wani keke a gangaren da ke kusa da makarantarmu, ta kwanta a gefenta. Murfi ɗaya ya fashe, mai na ambaliya yana bin kwata kamar ruwan sama. Warin kaɗai yana sa hawaye. Kuma Mama Febi ba ta nan, tana can ɗaya gefen gari wurin taron matan cocinsu.

Abin da na gani a wurin har in mutu ba zan manta ba. Lailatu ta riga ta juye bokitin yashi a murhunta, ƙosai na cikin mai bai gama soyuwa ba, ta bi layin masu tuya tana kashe na kowa, ba ta tsaya jin ƙorafi ba. Malachi da abokan aikinsa sun gindaya babura a titi ta sama da ta ƙasa, suna bin motoci suna roƙon direbobi su kashe inji, wani kuma na kiran 'yan kwana-kwana a waya daga nesa. Ɗanbala da mutum biyu sun zaro direban tankar ta gaban motar, sun kwantar da shi a kan ƙyauren wani shago, ɗaya na riƙe da kansa don kada wuya ya motsa, suka yi nisa da shi. Malama Fatimatuzzahra kuwa na hango hijabinta ya shige lungu, mata na biye da ita, suna bin kwata suna buga ƙofofi. Ba wanda ya ba da umarni. Kowa ya san wurinsa. Ni wurina igiya ne, na kama.

Igiyar ce ta fi wuya. Kafin mu gama zagayewa mutane sun ɓullo ta ko'ina da jarkoki da bokitai da robobin wanka, har da mai tukunyar miya. Ba ɓarayi ba ne, maƙwabtanmu ne, mun san su sun san mu, rayuwa ce ta yi tsada ga kuma mai na malala a ƙasa. Suka danno. Igiya ta shiga cin tafin hannuna. Wani saurayi mai wankin mota, Husaini, da jarka a kowane hannu, ya tsaya ƙirji da ƙirji da Ɗanbala, wanda ya dawo ya kama igiya kusa da ni.

"Baba Ɗanbala, ka matsa mini," in ji shi. "Man nan ƙasa yake sha. Na wa muka sata?"

"Ba maganar sata ba ce, Husaini. Ƙarfen jarka ɗaya ya gogi kwalta, mun tafi gaba ɗaya."

"Tawa ta roba ce."

"Ta bayanka fa?"

Husaini bai juya ba. Na baya suka ƙara turowa, ƙafafuna suka fara ja da baya a kan tsakuwa. Na san ba za mu daɗe ba.

Sai muka ji murya daga sama. Akwai wani mai tallar maganin gargajiya da ke yawo da ƙaramar lasifika mai batir, kullum maganin basir da na shawara muke ji daga cikinta. Ranar muryar Mama Febi ce ta fito. Wani ɗan acaɓa ne ya je ya ɗauko ta, ya sauke ta can nesa, ta ƙaraso da ɗingishi, ta karɓe lasifikar daga hannun mai magani ba ta ko tambaya ba, aka ɗaga ta aka tsayar a kan tebur ɗin mai lemo.

"Husaini, na gan ka," ta ce. "Ni na ɗinke maka goshi ranar da ka faɗo daga kan mangwaro. Ban ɗinke shi don yau ka kai wa wuta ba."

Wasu suka yi dariya, turin ya ɗan sassauta. Ta ci gaba da kiran mutane da sunansu, wannan ta ambaci uwarsa, wancan ta tambaye shi jaririyar da aka haifa masa. Sannan muryarta ta sauka. Ta ce, "Na wanke mutanen da fetur ya ƙona da hannun nan nawa. Uwa takan zo ta duba gado-gado ba ta gane ɗanta ba. Ba na so in sake gani, ba kuma a kanku ba." Sai ta ɗaga murya kuma: "To, tunda kun zo da bokitai, Allah ya kawo ku. Ga tulin yashi can wurin mai bulo. Ku cika ku kawo, a toshe kwatar da ta nufi gidaje. Matanku da 'ya'yanku na can ƙasa. Oya."

Wallahi na ga abin mamaki. Mutanen da suka zo kwasar mai suka juya suka nufi yashi. Aka yi layi, bokiti na bin hannu, ana zubawa a bakin kwatar da ta gangara cikin unguwa, can ƙasa da inda tankar take, har man ya daina wucewa. Husaini ya ajiye jarkokinsa ya karɓi shebur. Da aka gama, Mama ta shaƙi iska ta ce warin ya yi yawa, a ja igiya baya har katangar makaranta, kowa da kowa, har mu. Aka yi gunaguni, wasu na cewa ai an gama, shagunansu a buɗe suke. Ba ta saurara ba. Ta yi ta busa usur har sai da wurin ya zama fili.

Ba mu daɗe a jikin katangar ba. Ashe wani reshen kwatar ya bi ta bayan rumfunan masu walda ya kai wata bola da ke cin wuta a hankali tun jiya, ba hayaƙin kirki balle a lura. Na ga wani siririn harshen wuta ya taso daga can, yana gudu a cikin kwata ya nufo titi. Wata mata ta yi salati. Sai tankar ta tashi. Zafin ya mare mu a fuska duk da nisan da muke, ƙasa ta motsa, baƙin hayaƙi ya rufe rana. Daidai inda muka yi ta turereniya ɗazu, inda ɗaruruwan mutane suka tsaya da jarkoki, wuta ce ke tashi ta fi tsayin falwaya.

Wani dattijo kusa da ni ya dubi robar da ke hannunsa, ya sake ta ta faɗi, ya zauna a ƙasa ya rufe fuska.

Muryar Mama ce ta dawo da mu. "Kowa ya duba na kusa da shi. Shugabannin ƙungiya, ku nemo mutanenku." Aka shiga kiran suna. Mutum ɗaya ne wutar ta taɓa, Malachi. Wani tsoho mai goro ne ya sulale ya koma ɗauko faifansa ana dab da tashin wutar, Malachi ya bi shi ya sungumo shi, wutar ta lashe shi a hannu da kafaɗa. Lailatu ta zaunar da shi a inuwa ta shiga kwarara masa ruwa mai sanyi ba ƙaƙƙautawa. Wata baiwar Allah ta kawo ƙwai da gudu, Lailatu ta ce, "Ki kai gida ki soya wa yara, Yaya. Ruwa kawai." Wanda ya yi ta jigilar ruwan daga famfon makaranta Husaini ne, da jarkokin nan nasa guda biyu da ko ɗigon fetur bai shiga cikinsu ba.

'Yan kwana-kwana suka iso suka yi aikinsu, suka hana wutar yaɗuwa. Yashin nan ya riƙe, wuta ba ta gangara cikin unguwa ba, kuma ko da ta gangara ba murhu ko ɗaya da ke ci a layin, don matan Malama sun bi su duka. Rumfuna sun ƙone, har da ta Ɗanbala da injin ba da iskarsa, da teburin Lailatu. Direban tankar ya warke, Malachi ma ya warke, tabon na nan yana nuna wa fasinja. Amma ba a yi jana'iza ko ɗaya ba. A masallaci ba a yi ba, a coci ba a yi ba. Ku da kuke jin labarin irin wannan haɗari a wasu wurare, kun san abin da nake nufi.

Washegari ta tara mu a filin makaranta. Ta rungume matan ɗaya bayan ɗaya, ta kama hannun Ɗanbala ta ɗaga sama, ta taka rawar nan tata har ɗankwali ya zame, mu kuma muna tafi kamar yara. Da aka natsa sai ta ce, "To, bola. Duk atisayen da muka yi ba wanda ya tuna da bola, har ni. Daga yau masu bin kwata za su kasu biyu." Aka sake atisaye a ranar, da hannayenmu masu kanta. Wannan karon ba mai wucewa da ya yi dariya. Da yawa ma ajiye kayansu suka yi suka shigo layi, Husaini a gaba. Jama'ar unguwa kuma suka haɗa hannu aka sake kafa rumfunan da suka ƙone kafin damina.

Uwar 'yan sa-kai, ke ce kika mayar da 'yan kallo masu ceto. Ba ki ja igiya ranar ba, ba ki ɗauki bokiti ba, amma duk hannun da ya yi aiki a wurin, ke kika koya masa. Kin sa mai faci ya san darajar wuyan mutum, kin sa mai ƙosai ta kashe wutar sana'arta da hannunta ba tare da ta tsaya tunani ba. Yara suna nan suna zuwa ajina waɗanda da yanzu marayu ne, ba su ma sani ba.

Ranar da ta miƙa ragama ba a yi dogon biki ba, don ta hana. Ta cire usur ɗinta ta rataya wa Malama Fatimatuzzahra, ta ce ita da Ɗanbala za su riƙe ƙungiyar, ɗaya cikin gida ɗaya bakin titi. Liman ya yi addu'a, fasto ya yi, aka sha kunun aya. Ƙungiyar da ta fara ba ta cika benci ba, yau wasu unguwannin Keffi suna aiko da mutanensu a horar da su, har ɗaliban jami'a suna zuwa.

Gare ku masu karatu. A unguwarku ma akwai tsohuwar nas, ko tsohon ɗan kwana-kwana, ko wanda ya yi aikin agaji, yana zaune da ilimi a kansa ba wanda ya tambaye shi. Ku je ku same shi. Ku nemi fili, ku tara masu sana'ar bakin hanya da matan gida, ku fara ko da mutum kaɗan ne. Ku kuma da kuka iya, kada ku jira a kira ku. Motar asibiti tana da nisa, maƙwabci ne a kusa, kuma abin da ya yi kafin a iso shi ne yakan raba rai da mutuwa.

Makon jiya na hau mota na je Gitata in gaishe ta, in kuma karanta mata wannan rubutu kafin ya fita. 'Yarta ta tarbe ni a ƙofar gida tana girgiza kai, ta ce likita ya ce Mama ta huta, amma in zagaya baya in gani. Na zagaya. Ga ta a kujera ƙarƙashin bishiya, ƙafa ɗaya a miƙe a kan turmi. A gabanta masu lodin doya ne na kasuwar garin, ƙarti majiya ƙarfi, sun ɗauko abokinsu a kan wani tsohon ƙyaure suna takawa a hankali, ita kuma tana nuna su da sanda tana cewa na hagu ya sassauta, mai riƙe da kai kada ya kalli ko'ina.

Na ce, "Mama, ba hutu aka ce ki yi ba?"

Ta dube ni da mamaki. Ta ce, "Hutu nake yi mana, Malam. Ba ka ga a zaune nake ba?"

Mun gode, Mama Febi. Keffi ta gode. Allah ya saka miki da alheri, ya ƙara wa gwiwar nan lafiya, don ga dukkan alamu ba ki da niyyar ƙyale ta.